Kayan Karatu Iri Ne: Mu Adana Su Kafin Damina

  Muna gaida ɗaliban makarantun yaƙi da jahilci na birnin Yamai da kewaye. Muna gaida na Doso da Tilaberi, da na Tawa da Agadas, da na Maraɗi da Damagaram da Difa. Muna gaida malamanku. Sannunku da ƙoƙari.

Hirarmu ta yau a kan kayan karatu take. Muna nufin kaye, wato littafin rubutu, da littafin karatu, da bik, da fensir, da allo, da alli. Yaya za mu riƙe su har su daɗe suna yi mana aiki?

Wani zai ce wannan ai maganar yara ce. To, ɗan uwa, dakata ka ji. Rani ya yi nisa. Hadari ya fara haɗowa daga gabas. Yawancin makarantunmu na karkara da rani suke aiki. Da ruwa ya sauka za a rufe aji, kowa ya ɗauki hauya. Ko a nan Yamai, da yawa cikinmu za su koma gida noma. Malam zai tafi. Babban allo zai shiga ɗaki. Daga nan har kaka, wane malami ya rage maka? Kayenka da littafinka. Su kaɗai za su tuna maka da abin da ka koya.

Malaman yaƙi da jahilci sun san wani abu mai ban tausayi. Mutum ya yi wata huɗu yana zuwa aji bayan sallar isha'i, da gajiya a jikinsa. Ya iya rubuta sunansa. Ya iya karanta wasiƙa. Aka rufe aji. Da aka sake buɗewa, sai ya zo hannu rabbana. Ina kaye? Gara ta ci. Ina littafi? Ɗaki ya yi yoyo. Aka ba shi alli, sai hannu ya yi nauyi. Baƙaƙen da ya sani sun gudu. Dole a koma farko. Wasu kunya ke kama su, ba su sake dawowa. Wannan asarar ce muke so mu tare tun yau.

Daga ina takarda ke zuwa?

Mu fara da sanin darajar abin da ke hannunmu. Da itace ake yin takarda. Ana niƙa shi, a dafa, a shimfiɗa, a busar, a manyan masana'antu na ƙasashen waje. Takardar da muke rubutu a kai, shigo da ita ake yi. Ƙasarmu ba ta da bakin teku. Jirgin ruwa zai sauke kaya a Kwatano ko Lome, sannan manyan motoci su ɗauko. Daga Kwatano zuwa Yamai tafiyar ta fi kilomita 1000. Kowane kilomita yana ƙara wa kaye kuɗi.

Shi ya sa duk abin da ya taɓa kuɗin sefa ko hanya, sai ya taɓa kaye. Manyanmu sun tuna watan Janairu na 1994, lokacin da aka karya darajar sefa da rabi. Kayan da ake shigowa da su suka yi tsada nan da nan. Mun kuma ga abin da ya faru a 2023, da aka rufe iyakarmu da Benin. Kaya suka riƙa zagayowa ta Lome da Burkina Faso, hanya ta ƙara tsawo, kasuwa ta ji a jikinta.

Ba mu da iko da kuɗin jirgi. Ba mu da iko da kuɗin mota. Amma kayen da ya riga ya shigo gidanmu, ikonsa a hannunmu yake.

Mu yi ɗan lissafi

Ku ɗauko allonku. Mu ƙaddara magidanci yana da yara 4 a lakwal. Mu ƙaddara bik ɗaya dala 20 ne. Shekarar lakwal wata 9 ce, daga Oktoba zuwa Yuni. In kowane yaro yana ɓatar da bik ɗaya duk wata, bik nawa ke nan? 4 sau 9, 36. To, 36 sau dala 20, dala 720. Jika 3 da dala 120 ke nan.

Yanzu mu ƙaddara an koya wa yaran riƙo, kowane bik yana kai wata 3. Kowane yaro bik 3 zai nema a shekara. 4 sau 3, 12. 12 sau dala 20, dala 240. Ku cire 240 daga 720. Saura dala 480, wato jika 2 da dala 80. Ku tambayi kanku, tiya nawa ta hatsi wannan kuɗi zai saya a kasuwarku? Kuma bik kaɗai muka lissafa. Ba mu taɓa kaye da littafi ba.

Manomi ya riga ya san dabarar

Ba wani sabon ilimi muka kawo muku daga waje ba. Kowane manomi ya san yadda ake adana iri. Da kaka yakan zaɓi zangarniya mafi kyau, ya busar da ita sarai. Yakan rataye ta sama, ko ya sa ta cikin rumbu. Rumbun kuwa bisa duwatsu aka gina shi, don kada gindinsa ya taɓa ƙasa. Wake kuma akan cuɗa shi da toka, a rufe bakin tukunya. Ko yunwa ta matsa, mai hankali ba ya cin irinsa, don ya san shuka na tafe.

Kayenka iri ne. Abin da ke cikinsa shi za ka shuka baɗi. Abokan gaban iri su ne abokan gaban takarda: gara, ruwa, kusu, wuta, da hannun wanda bai san darajarsa ba. Mu ɗauke su ɗaya bayan ɗaya.

Gara

Mun ce da itace ake yin takarda. To, abincin gara ke nan. A wurinta kaye da azara da zana duk tuwo ɗaya ne. Gara daga ƙasa take fitowa. Ba ta son haske, ba ta son busasshiyar iska. Shi ya sa take gina ƴar hanyarta ta laka bisa bango, tana tafiya a ɓoye. Takan shiga littafi ta ƙasa, ta cinye cikinsa, ta bar bango lafiya lau. Sai ranar da ka ɗaga ka ga ƙasa na zuba.

Saboda haka kada a ajiye littafi a ƙasa. Kada a sa shi ƙarƙashin tabarma. Kada a jingina shi da bangon ƙasa, kada kuma a soke shi cikin rufin ɗaki. Wanda ke da adaka ko akwatin ƙarfe, ya sa kayansa ciki. Ya ɗora akwatin bisa duwatsu ko bulo, kamar rumbu, ya janye shi daga bango kamar taƙi ɗaya. Wanda ba shi da akwati, babban gwangwani mai murfi ya isa, in an wanke shi ya bushe. Wanda ba shi da wannan ma, ya ɗinka jaka da tsohon zane, ya rataye ta da igiya a tsakiyar ɗaki, inda ba ta taɓa bango.

Ku samo ganyen dogon yaro, wanda wasu ke kira bedi. Ku shanya shi a inuwa har ya bushe ƙayau, ku zuba kaɗan cikin akwatin. Ƙwari ba su son warinsa. Amma ku lura, ɗanyen ganye ɓata takarda yake yi. In ganyen ya tsufa, a sake sabo.

Ruwa da laima

Mutanen Yamai sun san aikin ruwa. A watan Satumba na 2020 kogin Isa ya cika ya fasa madatsa, ruwa ya shiga unguwannin Harobanda, irin su Lamorde. Gidaje da yawa suka faɗi. A 2024 ambaliya ta taɓa dukkan jihohin ƙasa, har gwamnati ta ɗage buɗe lakwal daga 2 ga Oktoba zuwa 28 ga Oktoba. A irin wannan rana mutum ransa da na iyalinsa yake ceto, kuma daidai ne. Ba wanda zai tsaya neman kaye cikin duhu. Amma in kayan karatu da takardun gida suna wuri ɗaya, cikin jaka ɗaya, a inda kowa ya sani, hannu ɗaya ya isa a fizgo su.

Don haka ku haɗa su tun yanzu. Takardar haihuwar yara, katin rigakafi, katin shaida, takardar fili ko ta gona, da kayenku. Yaron da takardar haihuwarsa ta ɓace yakan sha wahala in lokacin jarrabawa ya zo. Hausawa sun ce in ka ga gemun ɗan uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Leda tana tare ruwa, amma tana da nata sharri. In aka ƙulle takarda mai laima cikin leda, fumfuna za ta kama ta, ta yi baƙi, shafuka su manne. Sai takarda ta bushe sarai ake sa ta cikin leda. Kuma a riƙa kwancewa tana shan iska.

To, in littafi ya riga ya jiƙe fa? Kada ka yar da shi. Kada ka kanga shi a wuta. Kada ka baje shi cikin tsakar rana, zai kanannaɗe. Kada kuma ka yi gaggawar raba shafuka, jiƙaƙƙiyar takarda ba ta da ƙarfi. Ka tsayar da shi a inuwa, inda iska ke kaɗawa, a ɗan buɗe. In ya fara tsanewa, ka bi shafi shafi a hankali kana rabawa. In ya kusa bushewa, ka rufe shi, ka ɗora katako a kai, ka danne da dutse, ya kwana biyu. Zai miƙe. Ba zai koma sabo ba, amma zai karantu.

Ga wani abin lura. Rubutun fensir ba ya narkewa cikin ruwa. Na bik ma yakan jure. Amma alƙalami mai tawadar ruwa, da ya ji laima sai rubutun ya bazu. Abin da kake so ya daɗe, rubuta shi da fensir ko bik.

Kusu, kyankyaso da maiƙo

Kusu da kyankyaso ƙanshin abinci suke bi. In ka ci ƙuli-ƙuli ko ƙosai ka buɗe littafi, ka bar musu gayyata. Maiƙo kuma ba ya fita daga takarda, bik ma ba ya kamawa a kansa. A wanke hannu, a goge, kafin a taɓa littafi. Kada a haɗa kaye da guzuri cikin jaka ɗaya. Ƴan uwa mata masu sana'a, kada a ajiye kaye kusa da kwalbar mai ko kaskon suya.

Wuta

Da yawa cikinmu da dare muke karatu. Mai karatu da fitilar kananzir ko kyandir ya ajiye ta a wuri mai ƙarfi, nesa da zana da takarda. In barci ya zo, a kashe. Wanda ya samu fitila mai aiki da hasken rana, ita ta fi. Iskar bazara ba ta wasa da ɗakin kara.

Hannun mutum

Yanzu mun zo kan wanda ya fi gara ɓarna. Mu je tasha, mu je bakin kasuwar Katako ko Wadata, mu sayi gyaɗa ko tsire. Mu duba takardar da aka ƙunsa mana. Sau nawa za mu ga rubutun ɗan lakwal a jiki, har da jan bik na mushe? Wani ya yage don ya hura wuta. Wani ya yage don ya rubuta lambar waya. Ƙaramin yaro ya samu kayen uwarsa ya yi wasa da shi.

Ku ɗauki kayenku ku buɗe tsakiyarsa. Za ku ga ƴan ƙarafa biyu da suka ɗinke shi. Kowace takarda ninki biyu ce, rabi a gaba, rabi a baya. In ka yage ɗaya a baya, ƴar uwarta ta gaba ta rasa mariƙi. Ba da daɗewa ba za ta faɗi, da darasin da ke kanta. Wanda ya yage farar takarda ɗaya, biyu ya rasa.

Mu Musulmi an hore mu tun muna yara. In mun ga takarda mai sunan Allah a ƙasa, mukan ɗauke ta. Almajiri ba ya taka allonsa, ba ya zama a kansa. Wannan ladabin abu ne mai kyau. Mu ba kayenmu rabonsa na ladabi. Mu gaya wa mutanen gida da baki: wannan jaka ta karatu ce, ba a taɓa ta sai da izini.

Yadda za a yi wa kaye riga

Ranar da ka samu kaye, ranar za ka yi masa riga. Tun ran gini, tun ran zane. Takarda mai kauri ake nema, irin ta buhun siminti in an samu, ko tsohuwar kalanda. In ta siminti ce, a cire ninkin ciki da ya taɓa siminti, a kakkaɓe sauran sosai. A shimfiɗa ta, a ɗora kaye a buɗe, a bar yatsa uku ta kowane gefe, a yanke, a lanƙwasa ciki. A rubuta suna da sunan gari a kai, da manyan baƙaƙe. Kai da ka iya rubuta sunanka bana, ga wurin da ya dace ka fara sa shi.

Kada a naɗe kaye kamar tabarma a cusa aljihu. Kada a yi fifita da shi. Kada a lanƙwasa kusurwar shafi don alama, a sa tsinke ko ɗan ƙyalle. Kada a lashi yatsa don buɗe shafi. A yanko kwali biyu daidai girman kaye, a sa shi tsakani cikin jaka, ba zai karye ba.

Da damina ƴan ƙarafan nan na tsakiya sukan yi tsatsa, su ci takarda. In ka ga haka, ka cire su. Ka ɗauki zare da allura, ka huda wuri uku a tsakiya, ka ɗinke, ka ƙulle. Ɗinkin zare ya fi na ƙarfe daɗewa. Shafin da ya yage kuma, a jiƙa ƙaro kaɗan, a shafa wa siririyar takarda, a liƙa a bayansa.

A rubuta gaba da baya. A cika shafi kafin a wuce. In shekara ta ƙare, a tattara fararen shafukan da suka rage cikin kayen yara, a ɗinke su. Ga sabon kaye ba ko dala.

Bik, fensir, allo da alli

Bik da muke gani a kowane tebur, a ƙasar Faransa aka fara sayar da shi a 1950. Masu yinsa sun ce guda ɗaya yana iya jan layi mai tsawon kilomita 2 ko fiye. Wa ya taɓa ganin ƙarshen tawadar bik ɗinsa? Kaɗan ne. Yawanci ɓacewa yake yi, ko ya lalace. A bakinsa akwai ɗan ƙwallon ƙarfe, ƙarami ƙwarai, shi ke juyawa yana ɗauko tawada. In bik ya faɗi ta baki, ƙwallon ya lotse, shi ke nan. Don haka a riƙa rufe shi da murfinsa. A watan Afrilu da Mayu zafin Yamai yakan wuce digiri 40. Bik da aka bari a rana, tawadarsa takan tsinke ta zubo, ta ɓata riga da kaye. A ajiye shi a inuwa. Kada a yi rubutu da shi bakinsa na kallon sama, iska za ta shiga, ya daina zuba. Kada a tauna gindinsa, kada a sosa kunne da shi.

Fensir kuma, bakin da ke cikinsa haɗin yumɓu ne da wani baƙin ma'adini, an gasa. Abin gasawa kuwa yana fashewa kamar tukunya. In fensir ya faɗi, yakan karye a ciki inda ido ba ya gani. Shi ya sa kake fiƙewa yana gutsurewa har ya ƙare. Kada a buga shi a tebur. Kada a yi masa dogon baki. In ya gajarce, a soka shi cikin guntun kara ko tsohon bututun bik, a ci gaba da aiki. Reza kuwa a hannun babba take zama.

Allon hannu, wato ardwaz, shi ne mai ceton kaye. Duk abin da kake gwadawa, gwada shi a allo tukuna. In ya yi daidai, sannan ka sa a kaye. A goge allo da ɗan tsumma mai laima. Ban da miyau, don miyau yana yaɗa cuta, balle in allon na haɗin gwiwa ne. Ban da hannu mai maiƙo, don alli ba ya kama allo mai santsi. A huda kusurwarsa, a ɗaura tsumman da zare. Alli kuma a sa shi cikin gwangwani mai murfi, don laima na kashe shi. Guntaye ma alli ne, kada a zubar.

Babban allon aji da tabarmi da fitilu dukiyar gari ce. Kafin a watse, kwamitin makaranta ya ƙirga su, ya rubuta, ya damƙa wa mutum ɗaya amana a gaban jama'a. In allo ya koɗe, a sake masa baƙin fenti, ko a shafa garin gawayi da ƙaro. Kada a fasa tsohon batir don a samu baƙi, abin da ke ciki guba ne. Haka littattafan da lakwal ke ba yaranmu aro. Yaron da zai karɓa baɗi yana jira, wataƙila ma ƙanen naka ne.

Kakanninmu sun riga mu

A zamanin da, takarda ta fi yau tsada nesa ba kusa ba. Daga Italiya ake kawo ta, a sauke a Tarabulus, raƙuma su ratsa Sahara da ita har Agadas, har Kano da Katsina. Malamai suka san abin da suka saya. Sukan sa littafi tsakanin tadarishi, su naɗe, su sa cikin gafaka ta fata, su rataye. Ba su da kabad, ba su da maganin ƙwari na kanti. Duk da haka littattafansu sun iso mana.

A nan Yamai, a cibiyar binciken IRSH ta Jami'ar Abdu Mumuni, akwai tsofaffin littattafan hannu wajen 4000, na Larabci da na ajami. Marigayi Bubu Hama, wanda ya shugabanci majalisar dokokin ƙasa daga 1958 zuwa 1974, shi ya ɗauki nauyin fara tattara su daga gidajen malamai. Da jikokin malaman nan sun bar wa gara, ko sun ba mai ƙosai, me za a tattara?

A Tumbutu ta ƙasar Mali, da masu bindiga suka kama garin a 2012, mutane suka zuba littattafan kakanninsu cikin akwatunan ƙarfe. Suka fitar da su a ɓoye, wasu a mota, wasu a kwalekwale, har Bamako. Da suka isa can sai sabon abokin gaba ya fito, wato laima, don Bamako ta fi Tumbutu ruwa. Dole aka nemi ɗakuna busassu. Kun ga, manyan littattafai da ɗan kayenka, cutarsu ɗaya, maganinsu ɗaya.

Babban magani

Mun bar mafi muhimmanci a ƙarshe. Akwati da ganyen dogon yaro suna taimako. Amma wanda ya kulle akwati a watan Yuni, bai buɗe ba sai Disamba, yana iya samun takarda lafiya, karatun ya tafi. Mantuwa ma gara ce. Cikin kai take ɓarnarta, ita ma a ɓoye.

Maganin duka biyun ɗaya ne: a riƙa buɗe littafi. In kana buɗe shi, yana shan iska, fumfuna ba ta kama shi. In gara ta fara hanya, za ka gani da wuri. Idonka kuma yana sabawa da baƙaƙe. Tun da aka kafa ma'aikatar yaƙi da jahilci a 1963, magabata sun gane haka. Shi ya sa suka buga jaridun karkara da harsunanmu, irin su Ganga da Sabon Ra'ayi, don wanda ya koyi karatu ya samu abin karantawa.

Mun san aikin damina ba ya barin mutum ya huta. Ba mu ce kullum ba. Ku zaɓi rana ɗaya a mako, Juma'a ko ranar kasuwa. Ku buɗe akwati, ku kakkaɓe, ku karanta shafi ɗaya da ƙarfi. Sannan ku rubuta layi uku kan abin da ya shafe ku. Ranar da ruwan shuka ya sauka. Ranar da kuka yi shuka. Tiya nawa kuka ranta, a wurin wa. Kuɗin taki. Ke ƴar uwa, rubuta zubin adashi, da sunan wadda ta kwasa, da ranar da za a mai da jariri rigakafi. Ku kwafe lambobin waya masu muhimmanci a shafin ƙarshe, don waya tana faɗawa ruwa, ana kuma sace ta. Kayen da ke riƙe da lissafin bashinka, ba za ka bari a hura wuta da shi ba.

In da ɗan lakwal a gida, ku zauna tare, shi ma hutu yake. Ya karanta maka, ka karanta masa. Babu kunya a ciki. Yaron da ya ga uwarsa na yi wa kayenta riga, ba sai an yi masa dogon wa'azi ba.

Tambayoyin tattaunawa

Kamar yadda aka saba a ƙungiyoyin masu sauraren rediyo, ga tambayoyi. Ku tattauna su da malaminku.

1. A garinku, me ya fi lalata kayan karatu: gara, ruwa, ko hannun mutane?
2. A ina kowannenku zai ajiye kayensa bana? Kowa ya faɗa a gaban ƴan uwansa.
3. Wa za ku damƙa wa allo da fitilun aji, kuma wa zai rubuta lissafinsu?
4. Ku sake lissafin da muka yi, da farashin kaye na kasuwarku.

Aikin gida kuma shi ne, kafin haɗuwa ta gaba kowa ya yi wa kayensa riga, ya rubuta sunansa a kai da hannunsa. Ranar da aka sake buɗe aji, malam zai ce kowa ya ɗaga kayensa sama. Muna fata ba hannun da zai tashi wayam.

A nan za mu dakata. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya tsare mu daga ambaliya da fari. Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu. Ku huta lafiya.